Allura a Hannun Bappayo

Tun ranar da Bappayo ya faɗo daga saman tirela a kasuwar hatsi ta Azare, da buhun gero a kafaɗarsa, bayansa bai sake ba shi lafiya ba. Shekara biyu ke nan har da ɗoriya. A asibiti likita ya rubuta masa wata doguwar ƙwaya fara, ya ce ya sha na ɗan lokaci, sannan ya dawo a sake duba shi. Bappayo ya sha, ciwon ya kwanta, ya koma dako. Asibitin ne dai bai koma ba. Ya je ya bi layi tun safe, alhali motocin kudu suna tsaye suna jiran lodi? In ƙwayar ta ƙare sai ya miƙa wa mai kemis na bakin tasha fankon katinta, a ba shi irinta. Ba mai tambayar takardar likita.

Matarsa Suwaiba ba ta taɓa ganin aibun abin ba. Ita ce ma ke ajiye masa katin a gefen kwanon tuwo. Da ƙwayar yake fita, da ita yake dawowa da cefane, to mene ne abin tsoro a maganin da likita ya rubuta da hannunsa?

Azumin shekarar ya faɗo daidai da kaka. Sabon gero ya cika kasuwa, 'yan dako ba su da lokacin zama. Bappayo ya yi nasa lissafin. Likita ya ce safe da rana da dare, ga shi kuma baki a rufe yake tun asuba har faɗuwar rana. Sai ya riƙa haɗa ta safe da ta rana ya haɗiye a sahur, ya ƙara wata a kai don ta kai shi yamma. Da an kira magariba kuwa, kafin kunu ya sauka cikinsa ƙwaya ta riga shi. Ga ciwon kan azumi, shi ma da nasa: ƙananan farasitamol da yake saye a tire, ya watsa biyu uku a baki.

Da azumi ya yi nisa sai abinci ya fita ransa. Ya ci loma biyu ya ture kwano. Ya riƙa amai, ya riƙa susar jiki har farcensa na barin sawu. Wata rana ya dawo tun kafin la'asar, abin da bai saba ba, ya zube a bakin ƙofar ɗaki. Suwaiba tana tankaɗe ta ce masa sannu. Da ya ɗago kai ya dube ta, rariyar ta kusa suɓuce mata. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

Gidan haya suke, ɗaki na kallon ɗaki. A na ƙarshe akwai Salomi, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar kudancin Bauchi, wadda kowa a gidan ke kira Sista. Tana shanya kaya Suwaiba ta yafuto ta.

Salomi ta tsuguna, ta ja fatar idon Bappayo ƙasa da babban yatsa, ta daɗe tana kallo.

"Baban Khaulat, wane magani kake sha?"

"Na bayana ne kawai, Sista."

"Maman Khaulat, kawo min duk abin da yake sha. Duka, har na aljihu."

Suwaiba ta kwaso. Salomi ta juya bayan doguwar ƙwayar ta karanta, ta ɗauki katin ƙananan ta haɗa su gefe da gefe.

"Wannan doguwar ba magani ɗaya ba ce," in ji Salomi. "Biyu ne aka haɗa. Ɗaya mai ƙarfi, shi ke sa jiki ya saba har mutum ya kasa bari. Ɗayan kuma shi ne wannan ƙaramar da kake ƙarawa. Kana shan abu ɗaya ta ƙofa biyu. Hanta ce ke wahalar tace shi, ga ciki babu komai wuni guda. Nawa kake sha a sahur?"

Ya faɗa mata. Ta dafe kai.

"Haba Sista, ai likita ne ya rubuta."

"Na shekara biyu ya rubuta maka? Tashi mu tafi asibiti yanzu."

Bappayo ya yi 'yar dariya, dariyar ta ƙare da riƙe ciki. "Mai ciwon shawara za ki kai wa masu allura? So kike ki mai da Suwaiba bazawara tun ba ta shirya ba?"

Suwaiba ba ta yi dariya ba, amma ba ta goyi bayan Salomi ba. Kowa ya san mai shawara ba a yi masa allura. Ita ba ji ta yi a bakin mutane ba, gani ta yi. Tana yarinya a Disina yayanta Najmuddeen ya kwanta da irin wannan idon, aka kai shi wurin malamin asibiti ya yi masa allura da safe, kafin yamma ana yi masa wanka.

Salomi ta yi magana har ta gaji. Da ta ga ba za ta ci nasara ba, ta kama hannun Suwaiba ta ja ta gefe. "In ba za ku je ba, to ko ɗaya kada ya sake sha. Ko ɗaya. In kika ga ya fara barcin rana ba ya tashi, ko yana maganar da ba kai, kada ki jira kowa." Suwaiba ta tattara ƙwayoyin gaba ɗaya ta zuba a masai.

Labari bai kwana biyu ba ya isa Katagum, wurin mahaifiyar Bappayo. Inna ta aiko ƙaninsa Yunusa, mai tuƙa a-kori-kura tsakanin Azare da kasuwannin ƙauye, ta ce a kawo mata ɗanta gida. Shawara ba baƙuwarta ba ce, ta yi jinyar 'ya'yan mutane da yawa sun tashi. Suwaiba ta bar 'yarta Khaulat a wurin ƙanwarta, ta shiga mota.

A Katagum Inna ta karɓi jinya da hannu biyu. Ta sa aka haƙo saiwar rawaya, ta jiƙa da jar kanwa. Ta hana mai, ta hana nama, ta ce ya ajiye azumi ya rama daga baya. Kunu kawai, da ruwan magani. Suwaiba tana daka, tana ɗebo ruwa, tana wanke kwanon amai. Tun da aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa haɗa ido da Inna ba. A durƙushe take gaishe ta, kai a ƙasa, in Inna ta yi magana amsarta ba ta wuce "to".

Kwanakin farko Bappayo ya sha wuya. Ciwon bayan ya tashi da ƙarfinsa, ga gumi, ga hamma, ga ƙafafu da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Yana nishi har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Ya roƙi Suwaiba, ya yi mata faɗa, ya ce ita da Sistar tata ba su da imani. Ta toshe kunne tana kuka.

Sai kuma nishin ya tsaya. Ya riƙa barci, barci mai nauyi, tun hantsi har rana ta karkata. Inna ta ce alhamdu lillahi, magani ya kama. Suwaiba ta so ta yarda. Amma idon ya ƙara rinewa, har tafin hannunsa ya ɗauki launin. In ta sunkuya gyara masa matashi, wani wari ke fitowa daga bakinsa, mai zaƙi-zaƙi kamar na abin da ya fara ruɓa. Da ya farka ya dube ta ya kira ta da sunan yayarsa da ta rasu tun kafin aurensu. Can kuma ya ɗaga murya yana wa yaran mota faɗa, wai su ja igiya buhu zai zame. Ta kama hannuwansa don ta kwantar da shi, da ta sake su sai ta ga suna faɗuwa suna tashi da kansu, kamar fiffiken kazar da aka yanka.

"Shawarar ce ke fita ta kai," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Haka take yi."

"To," in ji Suwaiba.

Ba ta jin yunwar azumi, ba ta jin ƙishirwa. Abin da ke cinta shi ne: ta zubar da ƙwayar, ya daina sha, to me ya sa yake ƙara nutsewa? Ko dai Sista ce ba ta gane ciwon ba?

Ranar kasuwar garin, da hantsi, ta dawo daga rijiya ta zagaya bayan madafa don ta sauke tulu. Nan ta tarar da Inna a tsugune, da murfin kwano a gabanta, tana murƙushe wani farin abu da gindin kofi. Ga ƙwaryar kunun Bappayo a gefe. Ga kuma kati a ƙasa, irin wanda Suwaiba ta fi shekara biyu tana ajiyewa a gefen tuwo.

Tulun ya zame daga kanta. Ba ta ma ji fashewarsa ba.

Inna ta waiwayo, ba alamar ɓoyo a fuskarta. "Ke kuma lafiya? Maganin bayansa ne. Ya ba ni fankon daga cikin hularsa, na aika aka sayo. Ba ki ji yadda yake nishi ba? Tun da na fara sa masa ya samu barci." Ta karkaɗe garin cikin kunu, ta juya da ludayi. "Ƙwaya ce ai, ba allura ba. Ta likita ce ma."

"Sau nawa, Inna?"

Tsohuwar ta dube ta da mamaki, don ba ta saba jin tambaya daga wannan bakin ba. "Duk sanda ya yi nishi."

Inna ta miƙe da ƙwaryar za ta nufi ɗaki. Suwaiba ba ta san lokacin da ta sha gabanta ba. Ta sa hannu biyu ta karɓe ƙwaryar, ta kifar da kunun a ƙasa. Kaji suka rugo, ta kore su da ƙafa, ta tura ƙasa ta rufe wurin.

"La'ilaha illallahu," in ji Inna a hankali. "Abinci? A watan azumi? A gidana?"

Suwaiba ta zube a gwiwa, amma wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba. "Inna, ki yafe min. Wannan ƙwayar ce ciwon. Ita ce ta cinye masa hanta. Barcin nan da yake yi ba na sauƙi ba ne, tafiya yake yi. Asibiti zan kai shi."

"Su soka masa allura."

Suwaiba ta tuna Najmuddeen a kan tabarma, an rufe shi da zanen mahaifiyarsu, ƙafafunsa a waje.

Sallamar Yunusa ce ta katse su. Ya sauke kaya a kasuwa ya biyo ya duba jiki, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"A'a, matar yaya, yau kuma tulu kika yi wa hukunci? Ko azumin ne ya..." Ya ga fuskokinsu, ya haɗiye sauran.

"Shiga ka gaishe shi," in ji Suwaiba.

Ya shiga. Suna jin muryarsa daga waje. "Yaya. Yaya, ni ne. Yunusa ne." Sai muryar Bappayo, a jaye kamar ta mai maye, yana tambaya ko motar Anaca ce ta iso. Yunusa ya fito yana goge fuska da hula.

"Bai san ni ba, Inna."

"Zai san ka in ta gama fita."

"Tayar da mota," in ji Suwaiba. Ta maimaita. "Yunusa, don Allah tayar da mota."

Yunusa ya dubi uwarsa, ya dubi ƙofar ɗakin. Ya fita, jim kaɗan suka ji kukan inji a ƙofar gida. Ya kira wasu maza biyu daga zaure, aka ɗauko Bappayo da katifarsa aka shimfiɗa a bayan mota, inda ƙarnin bandar kifi bai gama fita ba. Inna ba ta hana ba, ba ta kuma taimaka ba. Sai da Suwaiba ta hau ta ɗora kansa a cinyarta, tsohuwar ta matso ta dafa ƙarfen motar.

"Ni na haife shi," ta ce. "In suka sa masa ƙarfe a jiki ya tafi, ba Yunusa zai zo ya faɗa min ba. Ke za ki zo, da bakinki."

"To, Inna."

Hanyar ba ta da kyau, ruwan damina ya cinye gefunanta. Kowane rami motar ta faɗa sai kan Bappayo ya yi tsalle a cinyarta, amma ko uhum bai ce ba, mutumin da a da ko tari ya yi sai ya riƙe baya. Ta yi masa inuwa da mayafinta. Tana sa yatsu a ƙarƙashin hancinsa, ta cire, ta sake sawa. Gonakin dawa suna wucewa, mutane a bakin hanya suna ɗaga hannu a tsaya musu, Yunusa bai ko rage gudu ba. A ranta tana ta juya abu ɗaya. In ta bar shi a Katagum ƙwaya ta kashe shi, ba wanda zai ce ita ce. In ta kai shi Azare allura ta kashe shi, ita ce, har abada. Sau biyu ta ɗaga hannu za ta buga rufin motar ta ce a juya. Sau biyu ta mai da hannun kan goshinsa.

Sun shiga Azare ana kiran la'asar. A asibiti aka turo gado mai taya. Suwaiba ta riƙa faɗa wa duk mai farin kaya da ta gani sunan Sista Salomi, har aka samu wadda ta je ta kira ta daga wani ɗaki. Salomi ta zo da sauri, ta dubi Bappayo, ba ta ce "ai na faɗa muku" ba. Cewa ta yi, "Ya ƙara sha?"

"A kunu ake sa masa. Ban sani ba sai yau."

Likitan saurayi ne, da gajiya a fuskarsa. Ya danna ƙasan haƙarƙarin Bappayo na dama, sai ga mutumin da bai motsa ba duk tsawon hanya ya yi ƙara ya naɗe. Likitan ya yi tambayoyi, Suwaiba ta amsa abin da ta sani: faɗowar, katin, sahur, ƙananan ƙwayoyin, kunun. Ya girgiza kai, ya ce a ɗebi jini a kuma sa ruwa maza.

Salomi ta ɗaure damtsen Bappayo da roba, ta bubbuga bayan hannunsa tana neman jijiya. Ta yage leda. Da Suwaiba ta ga tsinin allurar yana ƙyalli, jikinta ya riga hankalinta. Ta cafke wuyan hannun Salomi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Maman Khaulat, sake ni."

"Sista, yayana... da safe aka yi masa, da yamma..."

"Ban san abin da ya kashe yayanki ba," in ji Salomi, ba ta ɗaga murya ba. "Ban gan shi ba. Wannan kuwa ina ganinsa, na kuma san abin da ke kashe shi. Sake ni, lokaci na tafiya."

Yunusa yana tsaye a ƙofa, ya juya baya yana salati. Ba wanda ya ɓamɓare yatsun Suwaiba. Ita ta buɗe su, ɗaya bayan ɗaya.

Allurar ta shiga. Jini ya biyo baya, baƙi-baƙi. Salomi ta manna filasta, ta rataye ledar ruwa, ta murɗa. Suwaiba ta tsaya tana kallon ƙirjin mijinta. Ya tashi, ya sauka. Ta jira ya tsaya. Ya sake tashi. Haka ta tsaya har aka kira magariba, wata mai jinya a gadon kusa ta miƙo mata dabino da ruwa a kofi, ta karɓa ba tare da ta ɗauke ido daga ƙirjin ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta iya rarrabe su. Ledar ruwa ta ƙare a sa wata. A ɗebi jini, a dawo a sake ɗiba. Likitan ya ce mata hantar ta ji rauni ƙwarai, wani lokaci takan farfaɗo in an daina zuba mata abin da ke cinta, wani lokaci kuma ba ta farfaɗowa, shi ba zai yi mata alkawari ba. Yunusa yana zuwa yana komawa Katagum. Ya ce Inna ba ta tambayarsa komai, fuskarsa kawai take dubawa in ya shigo, sannan ta koma kan dardumarta.

Ana saura kaɗan salla, wata safiya Suwaiba tana goge wa Bappayo wuya da tsumma, sai ta ji ya ce, "Suwaiba."

Ta tsaya cak. Idon nan dai har yanzu ruwan ɗorawa ne, amma ita yake kallo.

"Ina ne nan?"

"Asibiti. Azare."

Ya juya kai a hankali, ya bi siririyar robar da ido daga leda har bayan hannunsa. Ya daɗe yana kallon filastar.

"Allura ce?"

"Tun ranar kasuwar Katagum take jikinka."

Ya rufe ido. Ta ɗauka barci ya koma. Sai ya yunƙura zai gyara kwanciya, fuskarsa ta tattare, ya cije leɓe, nishin nan da ta sani ya fito.

"Bayana," ya ce. "Suwaiba, bayana. Ki ce wa Sista ko rabi ne."

"Babu."

"Rabi kawai."

"Likita ya ce ko ƙamshinta. Har ƙananan."

"To da me zan ɗauki buhu?"

Ta zagaya ɗaya gefen gadon, inda babu roba, ta tura hannu ƙarƙashin ƙugunsa ta fara danna masa a hankali. Yana nishi yana kiran sunanta, tana cewa babu.